Daga Sanƙarau zuwa Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya: Waiwaye a kan Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magani

Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. A ran 26 ga Satumba 2024 wakilan ƙasashen duniya sun haɗu a birnin Niyok, a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, suka ɗauki alkawarin rage kashi 10 cikin 100 na mace-macen da ke da alaƙa da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani kafin shekarar 2030. Wanda ya ji labarin a rediyo a Dakoro zai iya ɗauka zance ne na manyan ƙasashe da manyan likitoci. Alhali kuwa in aka bi sawun al'amarin, za a tarar wani babban yanki na tarihinsa a ƙasarmu ya gudana: a ɗakunan jinyar sanƙarau na Yamai da Zariya da Kano, a gidajen kula da yara masu tamowa na Maraɗi, da ƙauyukan Madarunfa da na jihar Doso. Wannan maƙala za ta bi tarihin daki-daki, don mu ga inda haɗin kan ƙasashe ya yi rana, da inda ya tsaya a takarda.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu daidaita a kan ma'ana. Magungunan da ake kira antibiyotik, irin su fenisilin da amoksisilin da tetrasiklin, aikinsu kashe ƙwayoyin cuta na jinsin bakteriya ne. A cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke jikin majinyaci akan sami ƴan tsiraru masu wata kariya ta gado da maganin ba ya iya ketawa. Duk sa'ad da aka sha magani, raunana su mutu, masu kariyar su saura su hayayyafa, har ma su miƙa kariyar ga wasu ƙwayoyin da ba danginsu ba. Manomi ya san irin wannan a gona: ciyawar da ta tsira daga noman farko ita ke zubar da iri. Ke nan ƙwayar cutar ce ke canzawa, kuma tana ratsawa daga mutum zuwa mutum, daga dabba zuwa mutum, ta ruwa da abinci da hannu. Wanda bai taɓa shan ƙwaya ɗaya ba yana iya kamuwa da cutar da ba ta jin magani.

Darasin farko: sanƙarau da maganin sulfa

Annobar sanƙarau ta farko da aka rubuta labarinta a Afirka ta Yamma ta auku a arewacin Najeriya a 1905, kuma daga nan ta riƙa dawowa bayan kowane ƴan shekaru, a lokacin hunturu da bazara, ta lafa da saukar ruwan farko. A wancan zamani akasarin waɗanda ta kama sosai ba su tashi. A ƙarshen shekarun 1930 aka fara amfani da magungunan sulfa a Sudan da sauran ƙasashen yankin, sai mace-mace suka faɗi zuwa kimanin mutum ɗaya cikin goma. Wannan babban sauyi ne, kuma shi ya sa likitocin mulkin mallaka suka saki hannu: ban da marasa lafiya, har masu lafiya aka riƙa rarraba wa sulfa da sunan rigakafi.

A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya wallafa wani dogon nazari a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, inda ya zana iyakokin abin da ya kira ɗamarar sanƙarau: yankin da ke samun ruwan sama tsakanin milimita 300 da 1,100 a shekara, a kudancin Sahara. Dakoro da Maraɗi da Katsina da Kano duk suna ciki. Yana daga cikin masu ganin cewa a karkara, inda ma'aikacin jinya ɗaya ke fuskantar ɗaruruwan majinyata, maganin da ya dace shi ne wanda allura ɗaya tak za ta wadatar, kuma an samu irin wannan a cikin dangin sulfa.

Daɗin bai daɗe ba. A shekarar 1963 ɗin nan aka gano ƙwayoyin sanƙarau da ba su jin sulfa a barikokin sojan Amurka. A 1967 aka ga irin haka a birnin Meknes na Maroko, a nau'in A, wanda shi ne ke haddasa annoba a wajenmu. Zuwa farkon shekarun 1970 sulfa ta daina zama abin dogaro a ɗamarar sanƙarau. Maganin da ya yi shekara talatin yana ceton rayuka ya tashi daga aiki.

Gargaɗi kuwa ya riga ya gabata. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya faɗa a jawabinsa na karɓar lambar Nobel a Disamba 1945 cewa ranar da maganin zai samu ga kowa a kanti, mai shan abin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. A 1969 wani kwamiti a Ingila ƙarƙashin Michael Swann ya ja hankali a kan haɗarin zuba antibiyotik a abincin dabbobi don su yi saurin ƙiba. An ji su, amma kamfanoni na fitar da sababbin magunguna kusan kowace shekara, kowa kuma na ganin in wannan ya gaza wani na tafe.

Allura ɗaya da kasuwa ta yi watsi da ita

Abin da ya maye gurbin sulfa a wajenmu shi ne kuloramfenikol mai mai, wanda ake yi wa allura a tsoka, jiki ya riƙa jan sa a hankali. Likitocin Faransa sun fara gwada shi a shekarun 1970, haka ma masu bincike a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya a ƙarshen shekarun. A 1991 aka wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi a Mali da Nijar, wanda ya nuna cewa allura ɗaya ko biyu na wannan magani sun yi daidai da kwanaki ana ɗura amfisilin ta jijiya sau da yawa a yini. Ga ƙaramin asibitin ƙauye da ba shi da wuta, ba shi da gado isasshe, bambancin nan shi ne rai da mutuwa.

Amma maganin talaka ne. Turai ta rage amfani da kuloramfenikol saboda wata illa da yakan yi wa ɓargo, ko da yake ba kasafai ba, kuma annobar sanƙarau ba ta zuwa kowace shekara balle a sami ciniki mai ɗorewa. A 1995 kamfanin Roussel-Uclaf da ke yin sa ya dakatar. Sai da ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka, MSF, da gidauniyar IDA ta Holan suka tashi tsaye kafin a sami wani mai yin sa. A nan akwai darasi na biyu: magani na iya ɓace wa al'umma ta hanya biyu, ko ƙwayar cuta ta bijire masa, ko kasuwa ta juya masa baya.

Dakatarwar ta zo a mummunan lokaci. A 1995 annoba ta kama dubun-dubatar mutane a Nijar, kuma a cikin ruɗanin an yi wa fiye da mutum 50,000 allurar rigakafi ta jabu, wadda ta shigo a matsayin kyauta daga maƙwabta. OMS ta danganta mutuwar kimanin mutum 2,500 da wannan. A 1996 da 1997 aka yi annoba mafi girma da aka taɓa rubutawa: fiye da mutum 250,000 suka kamu a faɗin yankin, kimanin 25,000 suka rasu. A Najeriya kaɗai, a 1996, waɗanda suka kamu sun haura 100,000, mamata sun haura 11,000.

A tsakiyar wannan annoba ne kamfanin Pfizer ya gwada sabon antibiyotik mai suna Trovan a kan yara a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 ne suka shiga, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su seftiriyakson; 11 suka rasu. Iyaye da gwamnatin Kano sun ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta a kan dalar Amurka miliyan 75. Tabon bai tsaya a kotu ba, domin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a Kano a 2003, labarin Trovan na cikin abin da jama'a suka riƙa kafa hujja da shi. Duk wani haɗin gwiwa na lafiya a kan amana yake tsayuwa, kuma amana in ta zube ba ta kwasuwa duka.

Wahalar ta haifar da abu mai amfani. A 1997 OMS da UNICEF da MSF da Tarayyar ƙungiyoyin Kurwa Ruj suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ake kira ICG, mai rumbun ajiya na allurar rigakafi da magani, wanda ke aika su inda annoba ta ɓarke bisa ƙididdigar masu kamuwa, ba tare da duba wace ƙasa ta fi kuɗi ba. A 2003 kuma wani gwaji da aka yi a Nijar a kan majinyata kimanin 500 ya nuna cewa seftiriyakson, wanda farashinsa ya faɗi bayan ƙarewar haƙƙin mallakarsa, yana aiki daidai da kuloramfenikol mai mai. Shi ne ya zama maganin sanƙarau a lokacin annoba a duk yankin.

Duniya ta farka a makare

Sai a 1998 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri na musamman a kan bijirewa. OMS ta shirya cikakken tsari ta fitar da shi ran 11 ga Satumba 2001, ranar da aka kai hare-haren Niyok da Washintan, don haka ba wanda ya saurara. Turai ce ta yi gaba ita kaɗai: Suwidin ta hana sa antibiyotik a abincin dabbobi don ƙiba tun 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu gaba ɗaya a 2006.

Harka ta motsa sosai daga 2014. A shekarar ne OMS ta fitar da rahotonta na farko a kan yanayin duniya, gwamnatin Birtaniya kuma ta ɗora wa masanin tattalin arziki Jim O'Neill nazarin al'amarin. Shi ya fito da ƙiyasin da ya girgiza ministocin kuɗi, cewa in ba a tashi ba mace-macen na iya kai miliyan 10 a shekara zuwa 2050. A Mayu 2015 ƙasashe suka amince da Tsarin Aiki na Duniya, wanda ya nemi kowace ƙasa ta rubuta nata. A Satumba 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi zama na musamman a kai, karo na huɗu ke nan da ta yi wa wata matsalar lafiya haka, bayan sida da cututtukan da ba a ɗauka da Ebola. A 2017 OMS ta kasa antibiyotik gida uku: na hannu, waɗanda ya kamata a samu a kowane asibiti, na lura, waɗanda ake bayarwa da taka-tsantsan, da na ajiya, waɗanda ba a taɓawa sai komai ya gaza. A 2022 kuma hukumomi huɗu, na lafiya da na abinci da noma da na lafiyar dabbobi da na muhalli, suka ƙulla ƙawance a kan cewa lafiyar mutum da ta dabba da ta ƙasa abu ɗaya ce.

A farkon 2022 mujallar The Lancet ta wallafa ƙididdiga mafi faɗi: a 2019 bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma tana da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Yankin da ya fi kowane yawan mace-mace gwargwadon jama'arsa shi ne Afirka ta Yamma, da kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Mu da muke cikin masu ƙarancin shan magani a duniya, mu ne muka fi mutuwa. Dalilin yana cikin abin da aka gano a Maraɗi.

Abin da Maraɗi ta koya wa duniya

Bayan matsalar abinci ta 2005, lokacin da MSF ta yi jinyar fiye da yara 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, har da cibiyar da ta buɗe a nan Dakoro, jihar Maraɗi ta zama wurin da masu bincike ke zuwa neman amsa. Tsakanin 2007 da 2008 an auna bayan-gidan yara 55 da aka kwantar a wata cibiyar tamowa a Maraɗi. Kimanin ɗaya cikin uku sun zo da ƙwayoyin hanji masu wani sinadari da ke lalata yawancin dangin fenisilin, har da seftiriyakson. A cikin waɗanda suka shigo babu su aka sake aunawa, fiye da tara cikin goma sun fita da su. Ƙwayoyin nan na iya zama a hanji ba tare da cutarwa ba. Amma in suka shiga jinin jariri ko yaron da tamowa ta raunana, maganin da ke hannun likita ba ya taɓa su, wanda zai yi aiki kuwa yana da tsada, da wuya a same shi a wajen manyan asibitoci.

Daga 2012 zuwa 2013 cibiyar Epicentre ta yi gwaji a Madarunfa a kan yara kimanin 2,400 masu tamowa mai tsanani da ba ta haɗu da wata cuta ba. Ƙa'ida ita ce a ba kowane irin wannan yaro amoksisilin. Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna maganin bai ƙara yawan waɗanda suka murmure ba, ko da yake ya ɗan rage waɗanda aka tura asibiti. Nazarin da ya biyo baya ya nuna ya ƙara yawan yaran da suka ɗauki ƙwayoyi masu bijirewa. Wani gwaji a Malawi kuwa, inda sida ta fi yawa, ya samu akasin haka. Wannan ya nuna wuyar rubuta doka ɗaya a Janeba da za ta dace da kowace ƙasa. A 2017 kuma, a lokacin annobar sanƙarau nau'in C, an rarraba sifrofuloksasin ƙwaya ɗaya ga dukan mutanen wasu ƙauyukan Madarunfa, kamuwa ta ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Sai dai tun kafin a raba ko ƙwaya ɗaya, fiye da tara cikin goma na waɗanda aka auna suna ɗauke da ƙwayoyin hanji da ba su jin wannan magani.

Muhawara mafi zafi ta taso ne daga jihar Doso. A gwajin da ake kira MORDOR, wanda aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya aka wallafa a 2018, an riƙa ba dukan yara ƴan wata 1 zuwa 59 azitromisin sau biyu a shekara, ko suna da lafiya ko ba su da ita. Mace-macen yara sun ragu da kashi 13.5 cikin 100 a ƙasashen uku, a Nijar kuwa, a Boboye da Loga, da kashi 18. A ɗaya gefen, alamun bijirewa ga dangin maganin a hanjin yaran sun ninka kimanin sau bakwai. A 2020 OMS ta ɗauki matsakaiciyar hanya, ta ce a taƙaita rabon ga jarirai ƴan wata 1 zuwa 11, a inda mace-macen yara suka yi yawa ƙwarai. Amma gwajin AVENIR da aka yi a Doso da Tawa, aka wallafa a 2024, ya nuna cewa raguwar ta kashi 14 tana samuwa ne in an ba yara har zuwa wata 59. Taƙaitawar ba ta nuna fa'ida bayyananniya ba.

Gaba kura, baya sayaki. Mai hana maganin yana kare yaran gobe, mai bayar da shi yana ceton yaran yau, kuma duka biyun gaskiya suke faɗa. Wanda bai taɓa ganin uwa ta dawo daga asibiti da zanen goyo a hannu ba, bai kamata ya yi saurin yanke hukunci ba. Abin da za a lura da shi, magani ya yi wannan tasiri ne domin yaran suna shan ruwa marar tsabta, suna fama da tamowa, kuma asibiti ya yi musu nisa. Antibiyotik ya zama abin toshe gurbin rijiya da masai da abinci. Muddin gurbin na nan, za a ci gaba da cinye ƙarfin magungunan.

Kasuwa da garke

Akwai wani sashen tarihin da ba a tattauna shi a manyan taruka ba. Shirin Bamako na 1987 ya shigo da biyan kuɗin magani a ƙananan asibitoci. A Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada a dare ɗaya. Tun daga lokacin tallar magani ta bunƙasa, a faranti da kwali da bayan keke, a kowace kasuwa daga Jibiya zuwa Sakabal. Mai ciwon ciki ya sayi kafso biyu gwargwadon kuɗin aljihunsa, ya ji sauƙi, ya tsaya. Maganin ya sha rana, wani na jabu ne, wani sinadarin da ke ciki bai kai ƙima ba. Wannan shi ne ainihin abin da Fleming ya yi gargaɗi a kai, sai dai talauci ne ke jawo shi fiye da ganganci. Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga Yunƙurin Lome na Janairu 2020 don tsananta hukunci a kan fataucin maganin jabu, kuma yarjejeniyar kafa Hukumar Magunguna ta Afirka ta fara aiki a Nuwamba 2021. Doka tana da amfani, amma mai talla ba zai rasa ciniki ba sai ranar da maganin ƙwarai ya fi nasa kusa da sauƙi.

A Dakoro, ƙofar yankin makiyaya, akwai kuma zancen garke. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da ake sayarwa a duniya dabbobi ake ba, akasari a manyan gidajen kiwon kaji da aladu na Asiya da Amurka da Turai. Makiyayin kwarin Tarka ba ya cikin masu wannan ɓarna. Duk da haka kwalbar oksitetrasiklin sananniya ce a kasuwannin dabbobi, kuma sau da yawa mai garke ke yin allurar da kansa, ya tatsi nono washegari ba tare da jiran kwanakin da maganin ke fita daga jikin saniya ba. Ƙungiyar UEMOA ta kafa tsarin bai ɗaya na tantance magungunan dabbobi a 2006. Makiyaya kuwa sun san amfanin haɗin kan ƙasashe tun da daɗewa: gangamin rigakafin bushiya da aka fara a 1962 a Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi yana cikin matakan da suka kai ga shelar kawar da cutar daga duniya a 2011.

Alkawari da aljihu

Sanarwar 2024 ta fi ta 2016 ƙarfi domin ta zo da adadi: ban da rage mace-mace da kashi 10, an ce kashi 70 cikin 100 na antibiyotik da mutane ke sha su kasance daga rukunin na hannu, kuma a tara dalar Amurka miliyan 100 don aƙalla kashi 60 cikin 100 na ƙasashe su sami tsarin aiki mai kuɗi a bayansa zuwa 2030. Taron ministoci na Jidda a Nuwamba 2024 ya miƙa wa Najeriya karɓar taro na gaba a 2026. Amma sanarwa ba yarjejeniya ba ce, babu hukunci ga wanda ya saɓa. Zuwa ƙarshen 2023 ƙasashe 178 sun rubuta tsarin aiki, kaɗan ne ƙwarai suka ware masa kuɗi. Wani nazari da aka fitar a 2022 a kan ƙasashen Afirka 14 ya samu cewa a cikin ɗakunan awo kimanin 50,000, kashi 1.3 cikin 100 kaɗai ke iya awon bakteriya. Likitan da ba shi da awo dole ya yi ƙiyasi, kuma don gudun asarar rai yakan zaɓi magani mafi ƙarfi. A 2025 kuma Amurka ta sanar da ficewa daga OMS ta rushe hukumarta ta USAID, Birtaniya ta sanar da rufe Asusun Fleming wanda ke tallafa wa ɗakunan awo a Afirka da Asiya.

In aka tambayi tarihi wane haɗin kai ne ya cika alkawari, amsar tana komawa ga sanƙarau. A 2001 OMS da ƙungiyar PATH suka fara aikin samar da allurar rigakafi ta musamman don ɗamarar sanƙarau. Ma'aikatun lafiya na Afirka suka ce ba za su iya sayen abin da ya wuce rabin dalar Amurka ba, aka ɗauki wannan a matsayin sharaɗi, kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi ta a kan haka. A Disamba 2010 aka ƙaddamar da MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Nau'in A, wanda ya yi ƙarni guda yana kisa, ya ragu da fiye da kashi 99 cikin 100 a inda aka yi allurar. Da nau'in C ya taso a 2015 ya kama kimanin mutum 8,500 a Nijar, ya kashe fiye da 500, an bi hanya iri ɗaya har aka sami allura mai kariya daga nau'i biyar, wadda Najeriya da Nijar suka fara amfani da ita a 2024. Duk yaron da bai kamu ba, ba ya buƙatar seftiriyakson. Masana sun ƙiyasta a 2024 cewa rigakafi da ruwa mai tsabta da tsabtar asibitoci za su iya hana mutuwar kimanin mutum 750,000 a shekara daga cikin masu alaƙa da bijirewa. Aikin ya yi nasara ne domin an saurari masu matsalar tun farko, an daidaita farashi da aljihunsu, kuma an tare cutar kafin ta kai ga neman magani.

Rabon malamai da ƙungiyoyin al'adu

A wannan fage harshe yana da babban matsayi. Takardun Janeba da Niyok da Faransanci da Ingilishi ake rubuta su, amma a Hausa ake sayen kafso. Kalmar ƙwaya a bakinmu tana nufin abin da ke sa cuta, tana kuma nufin abin da ake haɗiya don a warke. Kalmar magani ta haɗa na zazzaɓi da na ciwon kai da antibiyotik wuri ɗaya. In mutum ya ce jikinsa ya saba da magani, yana ganin matsalar tasa ce shi kaɗai, alhali ƙwayar cutar da ta bijire za ta kai ga ƴaƴansa da maƙwabtansa. Gyaran wannan fahimta aikin aji ne da dandali da rediyon karkara, da wasan kwaikwayo da waƙa, kuma makon faɗakarwa na duniya, daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba na kowace shekara, dama ce a hannu. Saƙon bai da yawa: mura ba ta buƙatar antibiyotik, a sha abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta yadda ya rubuta, kada a raba ragowar magani da wani, a kai yara rigakafi, a jira kwanakin da aka faɗa kafin a sha nonon dabbar da aka yi wa allura.

Bayan wannan akwai haƙƙin tambaya. Ƴaƴan Maraɗi da Doso da Kano sun ba duniya ilimin da take rubuta ƙa'idoji da shi. Ya dace iyayensu su ji sakamakon da harshensu, kuma wakilanmu a tarukan duniya su riƙa neman ɗakin awo a kowane asibitin gunduma, da ruwan famfo a ɗakin haihuwa, da maganin ƙwarai a farashin talaka, da irin ƙarfin da wasu ke neman a taƙaita shan magani. Sulfa ta yi mana shekara talatin kafin ta gaza. Seftiriyakson har yanzu yana kashe ƙwayar sanƙarau, amma ƙwayoyin hanji da yawa sun riga sun fi ƙarfinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya ba mu ikon riƙon abin da ya rage a hannunmu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.